Saura Shafi Ɗaya: Jama'ar Taron Masanan Littafi Mai Tsarki

Duk shekara a watan Nuwamba, a ƙarshen makon da ya gabaci bikin godiya na Amurkawa, akwai birnin da otal-otal ɗinsa kan cika da wasu mutane masu tsofaffin kwat da jakunkunan yadi, kowa da katin suna rataye a wuya, kowa yana sauri yana neman ɗakin da ba ya nan inda taswira ta ce yake. Wata shekara San Antoniyo ce, wata Denba, wata San Diyego ko Boston. Taron ƙungiyar masanan Littafi Mai Tsarki ne da aka fi sani da SBL, wadda wasu malamai da ba su cika goma ba suka ƙulla a New York a 1880. Yanzu idan ta haɗu da takwararta AAR ta masu nazarin addinai, a shekarar da taro ya yi albarka jama'a kan kusan 10,000, zaman da ake yi kuma ya haura 1,000 cikin kwana huɗu. Dubbai daga cikinsu littafi guda suke tono, littafin da aka yi ƙarnuka ana sharhinsa, amma kowa ya zo da yaƙinin cewa akwai abin da duk magabata suka tsallake, shi ya hango, kuma zai faɗe shi cikin minti ashirin.

Wanda ya fara cin amanar minti ashirin ɗin nan shi ne Malam Karatau. A wannan fanni ba a yin jawabi da ka. Rubutawa ake yi a zo a karanta, kalma bayan kalma, kai a sunkuye. Kowa ya san shafi tara ko goma ne ke shiga minti ashirin. Karatau ya zo da goma sha takwas, ya kuma ƙanƙanta rubutun don ya yaudari kansa. Zai ƙone minti bakwai na farko wajen godiya da tarihin waɗanda suka rigaye shi kuskure, tun daga Jamusawan ƙarni na 19. Idan shugaban zama ya ɗaga katin da ke cewa saura minti biyar, ba zai gani ba, domin tun da ya hau mumbari bai ɗago kai ba. A katin minti biyu sai ya ƙara gudu, harshe na harɗewa, ayoyi na wucewa ba a san na wane littafi ba ne. Sannan ya yi abin da ke ba ni takaici duk shekara: "Saboda ƙarancin lokaci zan tsallake sashe na uku." Sashe na uku kuwa nan hujjar take. Mun sha shimfiɗa, za mu sha kammalawa, abin da ya haɗa su yana cikin jakarsa. Da katin TSAYA ya tashi, ya ce saura shafi ɗaya. Gaba da baya ne shafin.

Shugaban zaman kansa iri biyu ne. Akwai mai kunya, wanda yawanci ƙaramin malami ne da aka ɗora a kan manya, yana ɗaga kati a hankali yana murmushin ban haƙuri, har mai magana na ƙarshe ya tashi da minti shida. Akwai kuma soja, wanda ke miƙewa tsaye a minti na goma sha tara, ya matso dab da kafaɗar mai karatu yana numfashi. Kowa na gunaguni a kansa a farfajiya, kowa kuma na addu'ar ya zama shi ne shugaban zamansa idan an sa shi na ƙarshe.

Da an buɗe fagen tambayoyi, hannun farko da zai tashi na Mai Tsokaci ne. Da bakinsa yake faɗin laifinsa tun kafin ya aikata: "Tawa ba tambaya ba ce, ɗan tsokaci ne." Daga nan sai ya gabatar da muƙalar da kwamitin tantancewa ya ƙi karɓa a watan Maris, a tsaye, ba takarda. Ƙanensa shi ne Mai Neman Sunansa, wanda ke sauraron muƙala da kunne ɗaya tak, na jiran a ambace shi. Idan ba a yi ba, cikin ladabi zai ce, "Ban sani ba ko ka ci karo da wani ɗan aiki da aka yi a kan wannan." Shi ya yi aikin. Ladabin wurin nan sai wanda ya saba. Idan aka ce maka muƙalarka ta tayar da tunani sosai, ba a yarda da ko layi ɗaya ba. Idan aka ce ana so a ɗan matsa maka a kan wani ƙaramin batu, ka riƙe mumbari da kyau, ginshiƙin ginin za a zare.

Shi kuma Mai Harsuna ba ya faɗa da kowa, kunyata mutane kawai yake yi. A tsakiyar magana zai karanto sakin layi guda na Jamusanci ba tare da fassara ba, ya ɗaga gira, rabin ɗakin ya yi 'yar dariyar "mun gane". Yawancinsu sun ci jarrabawar Jamusanci ne shekara ashirin da suka wuce da ƙamus a cinya, tun ranar kuma ba su sake haɗuwa da harshen ba. Mafi tsanani a zuriyar nan shi ne mai Ugaritanci. Tun da aka fara tono allunan yumɓu a Ras Shamra, wato tsohuwar Ugarit, da ke gaɓar Siriya a 1929, aka sami mutanen da ba za su bar kalmar Ibrananci ko ɗaya ta zauna lafiya ba sai sun samo mata 'yar'uwa a Ugarit. Mitchell Dahood ya rubuta sharhin Zabura mujalladi uku a kan wannan hanya, har ma'abota Zabura suka riƙa kasa gane surorin da suka haddace. Samuel Sandmel ya ja wa masu wannan ɗabi'a kunne a jawabinsa na shugaban ƙungiyar a 1961, ya ce cutar ganin kamanni ce a inda babu dangantaka. An yi masa tafi, an buga jawabin, har gobe ana sa ɗalibai su karanta shi. Zaman da ke biye kuma wani zai tashi ya nuna cewa wata aya ta Ayuba ta yi kama da wani guntun allo da rabinsa ya karye.

Sai mayaƙa. Waɗannan ba ɗaiɗaiku ba ne, runduna-runduna suke zuwa, su zauna gefe guda na ɗaki, su gyaɗa kai tare.

Rundunar da na fi jin daɗin kallo ita ce ta Q. Ga yadda abin yake. Matiyu da Luka suna da ayoyi fiye da 200 da suka yi tarayya a kansu waɗanda babu su a Markus. Masana da yawa suka ce lalle akwai wani rubutu da dukansu biyu suka kwafa, suka sa masa suna Q. Ba wanda ya taɓa ganin ko ƙyallen takardarsa, ba wani marubucin dā da ya ambace shi. Wannan bai hana John Kloppenborg rarrabe shi hawa uku a 1987 ba, ya nuna wanne aka fara rubutawa, wanne aka ƙara daga baya. Bai kuma hana wata tawagar masana fitar da tataccen bugunsa a 2000 ba, babban littafi mai nauyi, da lambobin sura da aya. A ɗaya ɓangaren akwai magadan Austin Farrer, wanda tun 1955 ya ce a sallami Q a huta, Luka ya karanta Matiyu ne kawai. Mark Goodacre ya sabunta musu makamai a 2002. Idan ɗan wannan runduna ya shiga zaman waccan, a kujerar baya yake zama, hannu a harɗe, a ƙarshe ya yi tambaya guda: shin an yi la'akari da yiwuwar cewa littafin da aka kwana biyu ana tattaunawa a kansa babu shi? Ba a amsa masa. Akan gode masa, a kira na gaba.

Masu tono ƙasa sun fi zafin jini, wataƙila saboda ranar da suke sha. Su ne kaɗai za ka gani da fata a ƙone a watan Nuwamba. Rigimarsu a kan Dauda da Sulemanu ce: babbar daula ce ko kuwa sarautar wani ɗan tudu? Malaman Kofanhegan da Shefil, irin su Thomas Thompson da Philip Davies, sun kai matsayin shakkar yawancin labarin. A 1993 aka tono wani dutse a Tel Dan mai rubutun Aramiyanci da ya ambaci gidan Dauda, ɗaya rundunar ta yi shewa, wannan kuma ta koma tana duba haruffan ɗaya bayan ɗaya tana cewa a dakata tukuna. Israel Finkelstein na Jami'ar Tel Abib ya zo ya matso da shekarun wasu gine-gine gaba da kusan ƙarni guda, ya raba Sulemanu da ƙofofin da aka daɗe ana jingina masa. Yanzu makomar daular tana hannun ƙwallayen zaitun da suka ƙone, waɗanda ake kai wa ɗakin gwaji a auna shekarunsu. Na ga dattawa biyu masu furfura suna nuna wa juna yatsa a kan ƙwallon zaitun, ɗaya har tabaransa ya zame.

Mutanen Bulus kuwa yawa ne makaminsu. Tun da E. P. Sanders ya fitar da littafinsa a 1977 ya ce an daɗe ana yi wa Yahudancin zamanin Bulus mummunar fahimta, fannin ya rabu zuwa masu tsohuwar mahanga, masu sabuwa, masu wadda ta wuce sabuwa, da masu cewa duk an ɓata hanya. Ɗakinsu ne ke cika har a zauna a ƙasa. Littattafansu ne ke karya jaka: na N. T. Wright na 2013 ya doshi shafi 1,700. Wasiƙar Filimon aya 25 ce duka-duka, amma akwai sharhinta guda da ya haura shafi 500. Bulus da kansa, wanda ya yi magana a Taruwasa har wani saurayi ya yi gyangyaɗi ya faɗo daga taga, shi kaɗai ne zai ji tausayin Malam Karatau.

A farfajiya, inda a gaskiya taron yake gudana, za ka haɗu da Mai Duban Ƙirji. Hannunsa yana cikin naka, bakinsa yana cewa ya ji daɗin ganinka, idonsa kuwa ya riga ya sauka kan katin sunanka yana karanta layi na biyu, inda aka rubuta makaranta. Idan Yale ce ko Oksfod ko Tubingen, fuskarsa ta buɗe, ya matso. Idan sunan da bai taɓa ji ba ne, idon ya haye kafaɗarka yana neman wani. Wani irinsa ya karanta nawa, ya ga Najeriya, ya ce da murna, "Najeriya! Ai na taɓa samun ɗalibi ɗan Kenya." Na ce Allah Sarki. Ya tsaya yana jiran in tambayi sunan ɗalibin ko na san gidansu.

Wanda duk wannan duban ƙirji ya fi yi wa ciwo shi ne Ɗan Digiri na Uku. Ana gane shi da kwat sabuwa fil wadda ba a yanke zaren da ya ɗinke tsagar bayanta ba. Su huɗu suke kwana a ɗakin mutum biyu. Ya shekara yana jiran wannan rana, sai jadawali ya fito ya ga an sa shi ranar Talata da safe, zaman ƙarshe, lokacin da manya duk suna filin jirgi. Ya buga takardar rabo kwafi arba'in, Helenanci a hagu, fassara a dama, har da launi. Na taɓa leƙa irin wannan zama. Mutum bakwai ne a ɗakin da zai ɗauki ɗari biyu: shugaban zama, masu muƙala uku da ke jiran nasu layin suna gyara takardunsu da biro, abokin kwanansa da ya zo don kara, ni, da wani mutum a can ƙurya wanda ya gano cewa a nan ne kaɗai ake samun wurin cajin waya. Yaron ya bi kujeru yana ajiye takarda a kan kowace, har da waɗanda babu kowa. Ya karanta muƙalarsa a kan wasu ayoyi biyu na Habakuk, muryarsa na rawa, ruwan da ke kofinsa na kaɗawa duk lokacin da ya taɓa mumbari. Ya gama a minti goma sha tara daidai. Ita ce muƙala mafi kyau da na ji a wannan taro, kuma mai cajin waya ne ya yi masa tambaya, tambaya mai kyau, ashe masanin Annabawa ne. Abin da yaron nan ke nema aiki ne, guraben koyarwa a fannin kuma sai raguwa suke yi, shi ya sa za ka gan shi da yamma a bakin lifta yana maimaita bayanin kundinsa cikin jimla uku, ko Allah zai sa ya shiga tare da wani shugaban sashe.

Da dare yakan rikiɗe ya zama Mafarauci, ko da yake a wannan sana'a akwai furofesoshi da suka fi shi ƙwarewa. Jami'o'i da kamfanonin buga littattafai kan shirya liyafa, Mafarauci kuma yana da jadawalinsu a aljihu, ya san inda ake ba da abinci mai zafi da inda cuku da inabi kawai ake yankawa. A daren Lahadi tsohon ɗalibin jami'o'i biyar ne.

Zauren littattafai wata duniya ce. A nan Brill ta Laiden, wadda tarihinta ya koma 1683, take baje littattafan da kuɗin guda zai biya wa yaro makaranta zango guda a Jos. Ga Mohr Siebeck ta Tubingen, ga De Gruyter, ga Eerdmans da Baker da Zondervan, dukansu uku daga gari ɗaya, Grand Rapids. Mutum uku ke mulkin wannan zaure. Na farko Marubuci ne da ke zagaya teburin da littafinsa yake, ya ɗauka ya buɗe sai ka ce bai taɓa gani ba, ya mayar da shi saman na wani, fuska a waje. Bayan awa guda zai dawo ya ƙirga ko an rage. Na biyu Mai Tallar Kundi ne, wanda ya tare edita a lungu yana bayyana masa cewa aikinsa a kan harafi ɗaya na Helenanci a Bishara ta Yohanna zai ja hankalin talakawa ma. Edita yana murmushi yana kallon agogo. Na uku shi ne Mai Jira. Kwana uku yana shawagi, bai sayi ko alƙalami ba, yana rubuta sunaye a 'yar takarda. Ya san cewa a ranar ƙarshe zauren kan koma kasuwar tumatir da magariba: ba mai son ya sake ɗaure kaya ya koma da su, farashi sai ya zube. A nan Mai Jira ke fitowa da ƙarfinsa. Zai sayi ƙamus na Akadiyanci, harshen da bai iya ba, domin an rage rabi. Sai a filin jirgi sikeli ya tuna masa cewa kilo 23 aka yarje wa jaka. Za ka gan shi durƙushe gaban kanta, akwati a buɗe, yana auna takalma da sharhin Romawa. Takalman ake bari.

Akwai wanda ba kowace shekara yake bayyana ba, amma idan ya zo gari kan ɗauka: Mai Sabon Gano. Yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ga wani guntun takardar fafirus, ba zai iya cewa a hannun wa ba, an sa shi rantsuwa, amma idan ta fito komai zai sauya. Fannin yana da dalilin ɗaukar irin wannan magana da muhimmanci, domin haka naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri suka ɓullo daga kogwannin Kumran a 1947, kuma da gaske sun sauya komai. Yana kuma da dalilin yin taka-tsantsan. A 2012 aka sanar a wani taro a Roma da wani ɗan guntu na Kibɗanci da aka laƙaba wa suna Bisharar Matar Yesu, jaridun duniya suka ɗauka. A 2016 ɗan jarida Ariel Sabar ya bi sawun mai shi, har malamar Harbad da ta gabatar da shi ta yarda cewa alamu sun karkata ga jabu. A shekarar 2012 ɗin dai aka fara raɗe-raɗin an sami guntun Markus na ƙarni na farko. Shekara shida ana jira. Da aka buga shi a 2018, sai ga shi na ƙarshen ƙarni na biyu ko farkon na uku. Duk da haka, bari Mai Sabon Gano ya sake rage murya a bakin teburin shayi, ka ga yadda manyan masu shakka ke matso da kunne.

Ba na raina Baba Mai Gyangyaɗi. Ya haura tamanin, ya yi ritaya tun kafin a haifi rabin mutanen ɗakin, an rubuta littafin karramawa biyu da sunansa. A layin gaba yake zama, sanda tsakanin gwiwoyi, kafin mai muƙala ya gama godiya haɓarsa ta sauka a ƙirji. Har ɗan minshari ake ji. Mai magana ya sami natsuwa. Ana cewa ko akwai tambaya, Baba ya buɗe ido ɗaya, ya ce, "Ɗana, fi'ilin nan da ka gina komai a kansa, a aya ta sha huɗu, ka duba abin da ke ƙasan shafi kuwa? A tsofaffin kwafi biyu babu shi." Ya rufe idon. Shekara uku na aikin mutum ke nan. Yadda yake ji cikin barci har yau ba wanda ya gano, amma tsofaffin ɗalibansa sun ce tun yana ɗan arba'in haka yake.

Shi kuwa Fasto da ya zo neman abin wa'azi, tausayi yake ba ni a rana ta farko, dariya a ta uku. Ya ga an rubuta Littafi Mai Tsarki a sunan taro, ya zo da sabon littafin rubutu. Zaman farko aka gaya masa Ishaya uku ne, ra'ayin da Bernhard Duhm ya kafa tun 1892, kuma a ɗakin ba wanda ya ɗauki abin labari. Zama na biyu aka yanka masa littattafan Musa kashi huɗu bisa tsarin Julius Wellhausen, sannan wani Bature daga Turai ya tashi ya ce kashi huɗun ma tsohon yayi ne. A na uku ya ji labarin wata ƙungiyar masana da Robert Funk ya kafa a 1985, waɗanda ke jefa duwatsun ado ja da ruwan hoda da toka-toka da baƙi a akwati don kaɗa ƙuri'a a kan ko Yesu ya faɗi wata magana ko bai faɗa ba. Ya same ni a farfajiya ya riƙe hannuna. "Malam, mutanen nan kuwa suna zuwa coci?" Na ce ranka ya daɗe, wasu limaman coci ne ma, wasu malaman Yahudawa ne, wasu kuma ba ruwansu da addini, aikinsu ne kawai. Ya girgiza kai. A rana ta uku na hango shi a zauren littattafai yana ciniki, jaka biyu a kafaɗa, yana gaya wa wani cewa shi dai a ganinsa Ishaya biyu ne, na ukun ƙari ne.

Mu da muke zuwa daga Afirka an tanadar mana kujera ta musamman, ko muna so ko ba ma so. Kana iya shafe shekara goma a kan fi'ilan Helenanci na fassarar Saba'in, wato tsohuwar fassarar Tsohon Alkawari, ka gabatar da muƙala a kansu tsantsa, tambayar farko da za a yi maka ita ce yaya mutanen Afirka ke kallon wannan. Dukansu. Tun daga Dakar har Maputo. Akwai ɗan'uwanmu da ya gane kasuwar, ya zama Kakakin Nahiya: kowace muƙala tasa da karin magana take farawa, ya sa babbar riga, Turawa su yi ta rubutu. Ba na ganin laifinsa sosai, domin karatun Littafi Mai Tsarki da idon Afirka fanni ne na gaske mai manyan malamai, har Musa Dube 'yar Botswana ta shugabanci SBL a 2023. Abin da ke damuna shi ne a ɗauka iyakarmu ke nan, a bar mana karin magana su riƙe nahawu.

Akwai kuma wanda sunansa ke cikin jadawali, taken muƙalarsa ma yana nan, amma idan layi ya zo kansa sai shugaban zama ya ce, "Abin takaici, abokin aikinmu bai samu zuwa ba." Kowa ya san dalili. Ya biya kuɗin ƙungiya, ya biya na rajista, ya biya dala 185 na neman biza wanda ba a mayarwa, ya yi sammako ya bi layi da takardar gayyata a hannu, aka sallame shi cikin minti biyu. Yau Kiristocin Afirka kudu da Sahara sun fi na Turai yawa, mu ma Littafi Mai Tsarki cikakke yana hannunmu da Hausa tun 1932, amma a ɗakin da ake yanke yadda za a karanta shi kujerarmu ce ta fi yawan zama ba kowa. Da aka kai taron ƙasa da ƙasa na ƙungiyar Firitoriya a 2023, sai wasu suka gano cewa tafiya mai nisa da tsada tana hana mutum zuwa taro. Minti ashirin ɗin ɗan'uwanmu dai ba a asararsu. Malam Karatau yana nan.

Na ƙarshe da za ka yi sallama da shi, yawanci a bakin otal ana jiran mota, shi ne Alhaji Zan Turo. Tun shekaru kuke haɗuwa. Ya rungume ka, ya ce lalle ne ku rubuta wani abu tare, yana da muƙalar da ta dace da aikinka ƙwarai, da ya isa gida zai turo. Ya karɓi katinka ya sa a aljihun kwat, inda na bara da na bara waccan suke.

"Adireshinka bai canja ba ko?"

"Yana nan, Farfesa."

"To, wannan makon. Idan ka ji shiru, ka tuna mini a Nuwamba."